Ƙyauren Tagar Tsakiya

Zuwa ga Balbela, 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da masu shagon labulen da kike wa aiki. Ni dai da sauƙi. An sallamo ni daga asibiti. Gwiwar da aka yi wa aiki tana kai ni bakin ƙofa ta dawo da ni, in na wuce nan sai ta fara zagina. Likita ya ce kada in ƙara hawa tsani. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake kan tsani da bokitin fenti. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban shiga aji ba, a jikin gwangwanin fenti na koyi baƙaƙe. Kada kuma ki ce me ya hana ni kira a waya. Maganar waya ana gamawa ta bi iska. Wannan ina so ta zauna a takarda, ki karanta ki sake karantawa.

Saƙonki ya iso, cewa za ki aiko mini da sabon labule tunda kin ji ɗakina babu. Na gode. Amma wanda ya gaya miki babu labule bai gaya miki inda labulen ya tafi ba. To, saurara.

Kin tuna tagar tsakiya, wadda ke jikin bangon da ya raba ɗakina da na ƙanena Tela? Tun da aka gina benen nan a bayan gida ya toshe masa tagarsa ta waje, ɗakinsa ba ya ganin rana sai ta nan. Rana ta shigo ta tagata ta bakin titi, ta bugi bangona, ta faɗa kan teburin ɗinkinsa. Ni na shafa wa bangon farin fenti mai ƙyalli da hannuna saboda shi, ba wanda ya roƙe ni. A wannan taga akwai labulen da marigayiya matata, Innarki, ta ɗinka da allurar hannu shekarar da ta fara ciwo, mai ruwan ƙasa da ƙananan furanni kore. Ba ta ba Tela ba, ta ce ɗinkinsa na gaggawa ne. Shara-shara ne, haske na ratsa shi sarai, bai taɓa hana kowa sa zare a allura ba.

Ina kwance a asibiti an ɗaure mini ƙafa, mutumin nan ya zuro hannu ta taga ya zare labulen daga sandarsa. Na dawo na tarar da taga tsirara. Na tambaya, ya ce, “Yaya, rana ce ta cinye shi, ina taɓawa ya yage.” Na ce ina yagaggen? Ya ce an zubar. Na haɗiye.

Sai ranar da na je aski. Mai aski ya sa hannu a aljihun wando zai ciro makulli, aljihun ya biyo hannunsa waje. Balbela, furannin Innarki ne. Na damƙe aljihun, na ce wa ya ɗinka maka wandon nan? Ya ce, “Ƙanenka mana. Sake ni, Baba, mutane na kallo.” Tun daga ranar nake tsayar da mazan layinmu ina zazzago musu aljihu. Na samu a wandon kafinta. Na samu a na mai nama, inda yake cusa hannu da maiƙo tun safe. Ashe yanka shi ya yi gunduwa-gunduwa ya yi cikin aljihu da shi, don kada ya sayi ƙyalle.

Saboda haka ki riƙe labulenki. Labule hannu ɗaya ke zare shi daga wancan ɓangare, na gani. Abin da nake so ƙyaure ne na katako, mai ganye biyu, mai kauri, wanda ke buɗewa ta cikin ɗakina, sakatarsa ta wajena. In na rufe, ya rufu. Ya ɗinka aljihu a duhu in ga gwanintarsa.

Kafintan layinmu ya ƙi yi mini, wai ba ya shiga tsakanin wa da ƙane. Mutumin da labulen matata ke cikin wandonsa! Na san kusa da shagonku akwai masu yin irin wannan aiki. Ga igiya biyu na sa a ambulan: doguwar tsawon taga ce, gajeriyar faɗinta. Kada a ƙara, kada a rage.

Ni ne kawunki,
Mai Fenti

*

Kawu Babba,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunka, na kuma gode wa Allah da gwiwa ta fara ɗauka. Mu duka lafiya, yara suna gaida kakansu, ƙaramar ta ce in tambaye ka ko sandar taka tana da suna.

Kawu, wallahi da na karanta maganar labulen Inna sai da na fita bayan shago na yi kuka. Na tuna tana ɗinka shi a bakin gado, tana tsayawa ta huta. Abin da Kawu Tela ya yi bai kyauta ba ko kaɗan, kuma zan faɗa masa da bakina.

Amma ka duba wannan. Idonsa ya yi rauni, kai ka fi ni sani. Hasken ƙwan lantarki ba ya raba masa baƙi da shuɗi, da rana kaɗai yake iya aiki, ranar kuma ta ɗakinka take zuwa. Keken ɗinkin nan shi ne cinsu shi da matarsa. In ka rufe tagar, ba labule ka rama ba, abincinsu ka ɗauke.

Ga shawarata. Akwai labulen da muke kafewa sama da ƙasa a jikin sanda mai noti, ba a zare shi sai da sukudireba, kuma ta ɓangarenka. Zan zaɓo mai ruwan ƙasa, in nemi mai furanni kusa da na Inna. In ba ka son yadi, akwai irin na ofis, mai siraran falle na roba da ake juyawa da igiya: ka juya, ba mai ganin cikin ɗakinka, haske kuma ya wuce. Ba ya riƙe ƙura kamar yadi, goge shi kawai ake yi. Ƙyauren katako kuwa nauyi ne da shi, kai ga gwiwa.

Igiyoyin suna wurina, na adana. Ka yi tunani, Kawu, zuciya ta ɗan sauka, sannan ka rubuto mini wanda ka zaɓa cikin biyun.

'Yarka,
Balbela

*

Balbela,

Gaisuwa. Ina lafiya, sai dai abinci ba ya mini daɗi tun da na karanta takardarki. Ki gaya wa ƙaramar sandata ba ta da suna, amma ta san sunayen mutane.

Kin ce in zaɓa cikin biyu. Ni uku na sani, na kuma zaɓa tun kafin ki ba ni naki.

Labule mai furanni “kusa da na Inna”. Kusa! Ke ma da za a ɗauke miki 'yarki a kawo miki wata kusa da ita, za ki karɓa? Kuma mutumin da ke kwana da almakashi a ƙarƙashin matashi kike gaya wa noti? Ba sai ya kwance ba, tsakiyar zai yanke ya bar mini gefe-gefe.

Shi kuma na robar, na san shi, na sha cire shi a ofisoshi in zan yi fenti. Ƙashin kifi ke nan. Yatsa ɗaya ke ɗaga shi, ido ya leƙo. Rana ta dake shi ya lanƙwashe, igiyar ta sarƙe, ƙuda ya mai da shi masauki. Ba don mutum mai abokin gaba aka yi shi ba.

Kin ce zuciya ta sauka. Bari in gaya miki yadda nake kwana nake tashi, tunda daga nesa komai sumul yake. Taga a buɗe take kamar bakin rijiya. In na ci abinci yana gani, in na shafa magani a gwiwa matarsa na gani. Shekaranjiya da hantsi ina tsaye a tsakar ɗakina, ɗakina fa, ina neman tabarau, sai na ji murya ta taga:

“Yaya, ka tashi lafiya? Don Allah ɗan matsa gefe, inuwarka na kan ɗinkina.”

Na ce, “Inuwata ma sai na nemi izininka kafin in ajiye ta?”

Ya ce, “Haba Yaya, wuyan riga nake ɗorawa.”

Na ce, “Aljihun fa, da me za ka yi? Ga zanin gadona nan, ko in miƙo?”

Matarsa ta tuntsire da dariya daga ciki, wai Yaya akwai barkwanci. Barkwanci! Shi kuwa ya ce, “Tsumma ne fa, Yaya. Tsumma ɗaya ka ɗaga mana hankalin layi.” Kin ji abin da ya kira shi. Ban rubuta miki wannan kalma don ki yi kuka a bayan shago ba, don ki san wanda kike karewa ne.

Ba yau ya fara ba. Ranar da aka raba gidan mahaifinmu, shi ya yi tsalle ya ɗauki ɓangaren da ke da famfo, ni nake zagayawa da bokiti har yau. Ranar zaman makokin Innarki, da idona na gan shi ya ja wani mai gaisuwa gefe yana auna masa kafaɗa. Duk na haɗiye, saboda ni ne babba. Cikina ya cika, babu sauran wurin haɗiya.

Idonsa ya yi rauni, in ji ki. Lokacin da ya ga labule mai kyau a tagar wani, idon bai yi rauni ba.

Ranar rabon gida dattawa sun ce kada a sa bulo a tagar nan. Ban sa ba, ba zan sa ba. Ba wanda ya ce kada in yi mata ƙyaure. Kowace taga a duniya tana da abin rufewa.

Ke, ni na goya ki a kafaɗa bayan uwarki ta rasu. Ni na tsamo ki daga bokitin farar ƙasa har kika samu sunan da kike amsawa. Shi ko ɗankwali bai taɓa ɗinka miki kyauta ba. Ban taɓa roƙonki komai ba sai wannan. In ba za ki yi ba, ki dawo mini da igiyoyina, in samu fallen kwano in buga da ƙusa, in ya yanke ni kuma ki ji a bakin mutane.

Kawunki

*

Kawu Babba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara da jinkirin amsa. Ba share ka na yi ba. Aiki ya yi yawa, sannan na tsaya sai masu katakon sun gama. Da na ji shiru ba ka sake rubutowa ba, kuma ba a ce ka buga kwano ba, sai na ce Alhamdu lillahi, Kawu ya ɗan huce.

Na yi abin da ka ce. Ƙyauren yana hanya, direban da ke kawo wa mai kantin layinku kaya zai sauke maka. Ganye biyu ne, katako mai kyau, daidai igiyoyinka, sakata ta ɓangarenka, da maƙalansa da notinansa. Abu ɗaya na ƙara: tsakiyar kowane ganye ba rufaffen allo ba ne, siraran katako ne a jere, akwai ɗan maɗauri da kake turawa su karkata. Hannu ba ya shiga, almakashi ba ya cin su, in ka karkatar da su sama ba mai ganin ko ƙafar gadonka. Haske ne kawai ke wucewa. Irinsa manyan gidaje suke sawa yanzu maimakon labule. Na sa an shafa masa fari, na san kai da fari.

Ka ga ka samu ƙyaurenka, ɗakinka ya zama naka, ba wanda zai ƙara zuro hannu. Na yi wa Kawu Tela faɗa a waya sosai, bai musa ba, ya ce ma in gaishe ka. Don Allah a bar maganar a nan.

'Yarka,
Balbela

*

Balbela,

Bayan gaisuwa, lafiyata ƙalau, rabon da in ji ƙarfi irin na kwanakin nan tun kafin asibiti.

Shirun da kika ji ba hucewa ba ne, jira ne. Kullum ina bakin ƙofa ina duban motar kanti, har na fara cewa kun haɗa kai ke da Tela. Da kayan suka zo na buɗe kwali, na ga ban yi ƙarya ba. Na ce ƙyaure, kin aiko mini da haƙarƙari. Ƙashin kifin nan ne dai kika sa wa rigar katako, kina ganin tsoho ba zai gane ba.

Duk da haka na ɗora shi. Na hau kujera, tunda tsani likita ya hana, bai ce kujera ba. Ya zauna daram, masu aikinku sun iya, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Na rufe, na sa sakata, na tura haƙarƙarin har ƙarshe. Ai kuwa da rana ta ɗago ta bugi bangona, sai farin katakon ya kama hasken ya watsa shi ta tsakankani, layi-layi, har kan teburinsa. Ina tsaye ina kallo sai na ji:

“Kai, Yaya! Allah ya saka. Wallahi ya fi labulen ma, yanzu har ramin allura nake gani. A gaida Balbela.”

Ya fi labulen ma. Kin ji sakamakon wayonki. Na zauna a bakin gado, keke kuma na gudu a bayan bango kamar ana biki.

To, ke kin san labule, ni na san fenti. Washegari na je gaban shagon kafinta na share garin katako cikin leda, yana kallona. Na kwaɓa da gam, na bi haƙarƙarin nan ɗaya bayan ɗaya na cike kowace tsaga, yadda nake cike fashewar ƙofa kafin shafe. Ya bushe na goge da sanfefa. Ɓangarena na bar shi fari. Ɓangarensa na buɗe gwangwanin baƙi, marar ƙyalli, irin wanda ke shanye haske ba ya mayarwa. Tunda ganyen ta ɗakina suke buɗewa, a gabansa na yi aikin, yana zaune a kan keke yana kallo.

Ya ce, “Yaya, baƙi kuma?”

Na ce, “Baƙi.”

Ya ce, “Ai farin ya fi kyau.”

Na ce, “Ɓangarenka nake wa ado. Ka duba da kyau, daga yau shi za ka riƙa gani.”

Na yi shafe na farko, na jira, na yi na biyu. Ban yi gaggawa ba, ni ba tela ba ne. Da ya bushe na haɗa ganyen, na tura sakata. Balbela, na sha jin kiɗa a duniya, ban taɓa jin mai daɗin ƙarar sakatar nan ba. Keke ya yi ɗan gudu, ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. Sai na ji yana ce wa matarsa ta kunna ƙwai.

Ƙwan bai fisshe shi ba. Mai aski ya dawo da riga baƙa an bi ta da shuɗin zare tun daga wuya har ƙasa, ya tsaya a ƙofarsu yana ɗaga ta sama kowa ya gani. Na fito da kujerata don kada a ba ni labari. Wani kuma an ɗora masa hannun riga a juye.

Matarsa ta zo ta durƙusa a ƙofata, wai “Yaya, ko da safe kawai, zuwa azahar.” Na ce ina dariyar? Ki ƙara yin ta in ji, na yi marmari. Ta tashi tana share ido.

Sai ya fito da keken bakin titi, ƙarƙashin tagata, yana ɗinki yana gaisawa da masu wucewa kamar ya ci riba. Na sa rigata mai kyau na je wurin masu kula da titi, na ce an tare hanyar masu tafiya, ni mai sanda sai na sauka kan kwalta motoci na shafa ta. Ƙarya na yi? Sun zo sun ce ya mayar ciki ko su ɗauke keken. Ya mayar.

Ki daina aiko mini da gaisuwarsa, ba ni da wurin ajiye ta. Ƙyauren dai na gode.

Kawunki,
Mai Fenti

*

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Ni ba ni da ita tun da takardarka ta zo.

Da hannuna na zaɓi katakon nan. Ni na tsaya a kan masu aikin. Ashe sanda na sassaƙa maka ka doki ƙanenka da ita. Matarsa ta kira ni tana kuka. Allurar keke ta shige masa yatsa ta fito ta farce, saboda yana lalube a duhu. Makarantar da yake wa kayan yara duk shekara ta karɓe yadinta ta kai wa wani. Ba ka rubuta mini wannan ba, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninku, na san ka ji ihunsa.

Ya yi laifi, ban taɓa cewa bai yi ba. Ya ce in gaya maka ya yarda, kalmar da ya faɗa ma ya janye ta, zai faɗa a gaban duk wanda ka tara. Me kuma ya rage?

Ga abin da na yanke, kuma ba tsoratarwa ba ce. Na yi magana da mai shagonmu. Muna neman mai kalmasa bakin labule, ɗinki ne miƙaƙƙe, akwai teburi a jikin babban gilashin gaba inda rana ke wuni. Bayan gidanmu akwai ɗaki. In ƙarshen watan nan ya zo tagar tana rufe, zan aiko mota ta ɗauko shi da matarsa da keken. Ba ya so. Ya ce a ɗakin nan aka haife shi, a nan yake so a ɗauki gawarsa. Amma ba zan bar su da yunwa ba.

Sakatar tana hannunka, Kawu. Ba sai ka yi masa magana ba, ba sai ka amsa gaisuwa ba. Ka zare ta da safe, ka mayar da yamma. Ku biyu kuka rage mini a dangin uwata. Kada ka sa in raba ku da hannuna.

Balbela

*

Balbela,

Gaisuwa, in har yanzu kina karɓa. Gwiwa da sauƙi. Tari ne ya ɗan kama ni, ba wani abu ba.

Da na karanta maganar mota na ce dabara ce irin ta haƙarƙari, kun zauna a waya kun ƙulla don in tsorata. Ashe da gaske kike. To, madalla, kin gaji uwarki, ita ma in ta faɗa sai ta yi.

Motar ta zo da safe. Ban fita ba, ta bango na ji komai: an kwance kan keke, an ja teburi, matarsa tana ta cewa a yi hankali da madubi. Mutanen layi sun taru kamar ana fitar da amarya, har da mai aski da ya gama yi masa tijara kwanan baya. Da ɗakin ya koma amsa kuwwa, sai na ji ƙwanƙwasa a jikin ƙyauren, ta baƙin ɓangaren.

“Yaya.”

Na matso jikin tagar.

“Yaya, za mu tafi. Buɗe in gan ka.”

Ina tsaye, hannuna a kan sakata. Ba don in buɗe ba, don kada ya girgiza ta ta zame.

“Na yi kuskure, Yaya. Ka yafe mini. Mun tsufa, ban san ko za mu ƙara haɗuwa ba.”

Na ce, “Direba na jira.”

Ya daɗe a wurin, ina jin numfashinsa ta katako. Sannan na ji takunsa, na ji ƙofa, na ji mota. Kin ce ya yarda zai faɗa a gaban jama'a. Bari ya ajiye abinsa. Lokacin da nake bin maza ina zazzage musu aljihu yara na bina suna dariya, a gaban jama'a aka yi, kuma ba wanda ya janye.

Yanzu gida shiru. Ba keke, ba dariya. In na yi tari ba mai ce mini sannu ta bango kamar shi ya aiko tarin. Hutu ke nan. Mutanen layi sun rage gaishe ni, bakina ya huta shi ma.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Kafin ya tafi ya ba mai kanti hayar ɗakin, ya mai da shi wurin ajiye kaya. Rannan da hantsi rana ta cika ɗakina, na ce bari in buɗe in ga yadda duhun ya zauna a can. Na zare sakata, na ja ganyen. Kwalaye ne, an jera su tun daga ƙasa har sama sun manne da taga, bayansu kawai nake gani. Na je na samu mai kanti, na ce, “Kai, ka san hasken ɗakin nan a hannuna yake? In na ga dama in ba ka, in na ga dama in hana.” Ya ce, “Baba, riƙe abinka. Sabulu ne da taliya, ba sa ɗinki.” Ya juya yana sallamar wata mata.

Kin ga abin da ƙanen nawa ya yi? Ko a tafiyarsa sai da ya cuce ni. Ya bar ni da ƙyaure mai kyau, shafe biyu, sakata lafiyayya, babu wanda zan rufe wa.

Ban ce ki gaishe shi ba. Amma tunda kin zaunar da shi a jikin gilashi yana shan rana kyauta, akwai abin da nake so ki bincika mini, ki rubuto da wuri, kada ki yi jinkiri irin na wancan karo. Shagon naku, wa ke da ginin da ke fuskantarsa? Kuma mutum ne da za a iya magana da shi?

Kawunki,
Mai Fenti